Muzuru na fitsari jikin littattafaina, karatun kuma na cinye min dare: ina neman shawara

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata kashi biyu ce, amma a ɗaki ɗaya abin yake. Akwai maguna biyu a gidan, mace mai shekara ɗaya da rabi da muzuru ɗan wata takwas, ba a yi wa ko ɗaya aikin hana haihuwa ba. Littattafan hikaya na Hausa, irin masu fitowa kashi ɗaya zuwa uku, suna cikin kwalaye a ƙasa bayan ƙofa, sauran a kan kanta mara murfi. Kwanan nan muzurun ya fara fitsari jikin kwalayen. Macen kuma ta mayar da gefen kwali wurin wasa farce, kuma da an buɗe littafi sai ta zo ta miƙe a kai. Bahon yashinsu ɗaya ne, yana banɗaki. Abincinsu ragowar na gida ne, sai madara da safe.

Na farko, yaya za a hana shi, kuma littattafan da suka jiƙe suna gyaruwa? Na biyu, ina son karatun nan, amma wanda nake yi a waya yana kai ni tsakar dare, asuba ta yi ido da nauyi, rai kuma ba daɗi. Har nakan ji kamar in tattara littattafan duka in kyautar in huta. Masu sani ku taimaka.

Likitan Dabbobi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai ki lura da yadda yake fitsarin, domin iri-iri ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. In a tsaye yake juya wa kwalin baya, ya ɗaga jela tana karkarwa, ya fesa ɗan kaɗan a jikin abin da ke tsaye, to iyaka yake shatawa, kuma muzuru kan fara haka da zarar ya balaga, daga wata shida zuwa sama. In tsugunawa yake ya zubar da yawa a ƙasa, ko dai bahon bai yi masa ba, ko mafitsara ce ke damunsa. Na ukun shi ne abin tsoro: yana ta zarya zuwa yashi, yana yunƙuri da kuka, abin da ke fita ɗigo ne ko jini ko ma babu, yana yawan lasar gabansa. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce, takan toshe. In ta toshe gaba ɗaya ƙoda na tsayawa, cikin kwana biyu zuwa uku zai iya mutuwa. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Daga shekarun da kika faɗa, na fi zaton na farkon ne. Balagaggen muzuru da mace a ɗaki ɗaya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganin da ya fi ci shi ne fiɗiya. Ƙaramin aiki ne, da allurar barci ake yi, kuma mafi yawan muzurai kan daina feshin ko su rage sosai, ƙarnin fitsarin ma ya sauka cikin 'yan makonni. Da wuri ya fi, tun abin bai zame masa ɗabi'a ba. A kai shi asibitin dabbobi na gwamnati ko na koyarwa, irin na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kada a bari wani ya yi masa dandaƙa irin ta bunsuru a tsakar gida. Bayan aikin ma zai iya yi wa mace ciki na wasu makonni, don haka a raba su kamar wata guda. Macen a duba ta, ƙila ma ta riga ta ɗauka: cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi uku zuwa biyar, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara.

Bahon yashi ɗaya ya yi kaɗan. Ƙa'idar ita ce yawan magunan a ƙara ɗaya, wato uku, kuma ba a jere wuri ɗaya ba. Tsawon bahon ya kai tsawon jikin magen da rabi don ta iya juyawa. Yashin rafi ya wadatar: a tankaɗe shi, a shanya ya bushe ƙarau, a zuba zurfin santimita 5 zuwa 7. A kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi kullum, a zubar da duka a wanke bahon aƙalla sau ɗaya a mako. Banɗaki ba wurin kirki ba ne, ƙasa a jiƙe, ana watsa ruwa, ƙofa kuma rabin yini a rufe. Kada kuma baho ya zauna kusa da kwanon abinci. Mai juna biyu ta bar wa wani kwasar kashin, saboda ƙwayar cutar toksoplasma da ke iya cutar da ɗan tayi. Ƙwayar na buƙatar kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwasar kullum da wanke hannu suke da muhimmanci.

Wurin da ya ɓata, muddin hancinsa na jin warin zai koma. Kwalayen a jefar da su, ba sa wankuwa. Ƙasa da bango a wanke da omo kashi ɗaya cikin ruwan ɗumi kashi tara, a ɗauraye, a bari ya bushe, sannan a fesa sifirit na asibiti, a rufe ɗakin sai ya bushe. Ban da Dettol da Izal: hantar mage ba ta iya sarrafa sinadarin da ke cikinsu, ta taka ta lashe ƙafa shi ke nan. Bilic kuma warinsa kan jawo wasu magunan su dawo wurin. Duka ko goga masa hanci a fitsarin tsoro kawai yake ƙara masa, muzuru mai tsoro kuwa ya fi fesawa.

Abincin ma da gyara. Mage mai cin nama ce zalla, tuwo da shinkafa cika ciki ne kawai. Akwai wani sinadari mai suna taurin (taurine) da take samu a nama da zuciya da kifi, rashinsa na kawo makanta da ciwon zuciya a hankali. Miyar gida ba ta rasa albasa da tafarnuwa, su kuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta. Madara zawo take sa yawancin manyan maguna. A dafa musu kifi ko nama daban, ba gishiri ba dunƙule, a cire ƙaya, hanta kuma kada ta wuce sau ɗaya a mako. In aljihu zai ɗauka, a haɗa da abincin maguna na kanti, shi ne aka auna masa komai. Ruwa mai tsabta ya kasance kullum a wuri biyu, domin muzurun da ba ya shan ruwa shi ne mai toshewar fitsari. Farasitamol kuwa ko an ga zazzaɓi kada a kuskura, ƙwaya ɗaya na kashe mage.

Mai Ɗaurin Littafi:

Hajiya, Dakta ya gama da muzuru, ni bari in taɓa takarda. Waɗannan littattafan yawanci da takarda irin ta jarida aka buga su, mai shan ruwa kamar soso, an kama tsakiya da ƙarfen sitefila biyu. Ki kasa su uku.

Waɗanda fitsarin ya ratsa har tsakiya, gaskiya ba sa dawowa. Ko sun bushe, gishirin fitsarin na nan cikin takardar, damina na faɗuwa ya ja danshi warin ya taso sabo. In labarin na da wuyar samu ki ɗauki hoton shafukan da waya, sannan ki rabu da littafin.

Waɗanda baki ko bango kawai ya jiƙe su ne abin ceto, kuma da hanzari, domin jiƙaƙƙiyar takarda na fara fumfuna cikin kwana biyu. A danna wurin da farin tsumma ko tishu, ba a gogawa. A saka farar takarda mara rubutu bayan kowane shafi 20, ban da jarida don tawadarta na zuba. A riƙa sauyawa duk rabin awa da farko, in danshin ya ragu sai a tsayar da littafin a buɗe gaban fanka, a inuwa. Rana tana sa takardar ta yi ja ta kakkarye, dutsen guga kuma dafa warin yake cikin takarda. In sun yi yawa ba za a iya bin su rana ɗaya ba, kuma wuta na samuwa, a ƙulle kowanne a leda a sa a firiza, a riƙa fito da su kaɗan-kaɗan. Da littafi ya kusa bushewa a rufe shi tsakanin katako biyu a ɗora bulo ya kwana biyu, zai miƙe. Don wari, a samu bokitin roba mai murfi, a zuba busasshen gawayi a ƙasa, a ɗora littafin kan wani abu yadda ba zai taɓa gawayin ba, a rufe mako biyu zuwa huɗu, ana sauya gawayin duk mako.

Ƙarfen tsakiyar in ya jiƙe tsatsa yake ya ci takardar, sai tsakiyar littafi ta zare. A ɓanɓare shi a ɗinke da zare mai ƙwari. Huda uku a kan ninkin: a fara daga ciki ta hudar tsakiya a fita, a shigo ta sama, a tsallake tsakiya a fita ta ƙasa, a sake shigowa ta tsakiya, sai a ƙulle bakin zaren biyu a kan dogon zaren da ya ratsa. Salatif kada ya taɓa littafi, bayan 'yan shekaru ɓarewa yake ya bar tabo mai danƙo.

Kashi na uku, masu lafiya, matsalarsu ma'aji. Kwali a ƙasa ko ba mage abincin gara da kyankyaso ne. Akwatin ƙarfe, robar ajiya mai murfi, ko kafinta ya sa wa kantar nan ƙofa. A ɗaga daga ƙasa kamar santimita 15, a bar tazarar yatsu uku daga bango, musamman bangon da ruwan sama ke duka. Kada littafi ya shiga abin rufewa sai ya bushe sarai. Kafur da ake jefawa cikin kaya a bar shi, guba ne ga mage, ga jarirai ma yana kawo ciwon shawara. Fito da su a kaɗe ƙura su sha iska bayan damina da tsakiyar hunturu ya fi shi aiki.

Anti Malama:

Ƙanwata Maman Ilham, ki dakata da maganar kyautarwa. Ki sake karanta tambayarki: littattafan da ke cinye miki dare a waya suke, waɗanda kike shirin kora kuwa suna kwali. Ko kin kwashe su tas, daren na nan yadda yake.

Wannan ɗar-ɗar da ake ji game da hikaya ya daɗe. Gasar rubutun da Baturen ilimi Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, manufarta ke nan a samar wa waɗanda suka koyi karatu abin da za su karanta don jin daɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano, mata da yawa a cikinsu, suka shiga buga nasu da kuɗinsu, suka kuma sha suka cewa suna ɓata tarbiyya, har a 2007 gwamnatin Kano ta ƙona littattafan da aka ƙwace a makarantun 'yan mata. Wadda ta taso tana ɓoye littafi ƙarƙashin filo, ko ta girma ta sayi nata da kuɗinta, ba ta rasa jin kamar laifi take yi. Don haka a raba abu biyu. In abin da ke cikin labarin ne ke damun ki, irin wanda ba za ki so 'yarki ta leƙo ta gani ba, wannan a ajiye shi kawai, ba sai an yi dogon lissafi ba. In lokaci ne, to tsari ake yi masa.

Bugaggen littafi yana da bango na ƙarshe, ya ƙare ya ƙare. Wanda ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad an gina shi ne yadda kowane shafi zai tsaya a daidai inda numfashi ya ɗauke, don a dawo gobe, in na kuɗi ne kuma don a biya. Gwaninta ce ta marubuciya, ba laifinta ba ne, amma mai karatu ta san da haka. Kada ki ce "bari in kai ƙarshen babi", nan ne tarkon yake. Ki tsaya a tsakiyar babi inda labarin ya lafa, ana girki ko ana gaisuwa, za ki ga ajiyewa ba wuya. Kada ki fara labarin da ba a kammala ba, domin jiran sabon shafi shi ke sa a yi ta leƙa waya, daga leƙe kuma a zarce. Lissafin barci daga baya ake yin sa: babba na buƙatar awa bakwai, mai tashi ƙarfe biyar ya kamata goma ta same ta a kwance, don haka ƙararrawar da za ki saita ta tsayawa ce, tara da rabi. Waya ta kwana a falo tana caji, da dare takarda, da rana waya. Masu sauraren labari a YouTube lokacin wanke-wanke su kashe abin da ke sa wani ya biyo baya da kansa.

Sai abin da mutane ba sa son ji: ba wajibi ba ne a ƙarasa kowane littafi. In kin ci shafi 30 ba abin da ya riƙe ki sai son ganin ƙarshe, ki tsallaka ki karanta ƙarshen ki wuce. Yawancin ɓacin ran asuba daga irin waɗannan yake, waɗanda aka raba dare a kansu kuma ba su biya ba. Ban yarda da masu cewa sai an karanta "mai amfani" kafin a cancanci hikaya ba. Hutu ma haƙƙin jiki ne, in dai bai ci sallah da barci da haƙƙin mutanen gida ba.

Baban Khalifa:

Ba wanda ya taɓa maganar ɗabi'ar macen. Kwanciya kan littafi ba rashin kunya ba ce: ta ga inda idonki da hannunki suke, takarda kuma na riƙe ɗumi. Mage na barcin awa 12 zuwa 16 a yini, ƙarfinta na tasowa ne da magariba da asuba, wato daidai lokacin da kike zama da littafi. Kafin ki buɗe shi ki ba ta minti 10 zuwa 15: sanda, igiya, gashin kaza a baki, ki ja shi a ƙasa kamar ɓera yana ɓuya, ki bari ta cafke sau da yawa. Daga nan abinci. Mage in ta yi farauta ta ci, wanka take ta kwanta. Ki ajiye mata ƙaramin kwali da tsohon zaninki a gefen inda kike karatu, ɗan sama da ƙasa, duk sanda ta hau littafi ki ɗauke ta ba faɗa ki sa ta ciki. Igiyar wasan a ɓoye ta bayan an gama, haka allura da zaren ɗinkin da Mai Ɗaurin Littafi ya ambata, domin zare in mage ta haɗiye yana yanka hanji.

Karta da farce kuwa ba a hana ta, wuri ake ba ta. Tunda kwali take so, ki yanka kwali faɗin yatsu uku-uku, ki jera su a gefensu ki manne su zama faifai mai kauri, ki ajiye daidai inda kwalayen suke a da. Ko katako mai tsawon santimita 80 a naɗe shi tam da igiyar rama, a kafa shi kan gindi mai nauyi, in yana rawa ba za ta kula shi ba. Tsinin farata a rage duk mako biyu zuwa uku, fari kawai, ban da jan wurin da ke da jijiya.

Dakta, baho uku a ciki da falo da wuya. Biyu a kusurwa daban, ana kwashewa safe da yamma, ina ga za su riƙe. Sannan Hajiya, abin da mage ta sha ta rage mai tsarki ne, amma fitsarinta najasa ne a wurin jumhurun malamai, don haka Alƙur'ani da littattafan addini su fara hawa sama, sallaya kuma a riƙa rataye ta. Fiɗiya malamai sun yi saɓani a kai, da yawa sun halatta in don kawar da cuta ne kuma ba azabtarwa, ki tambayi malaminku hankalinki ya kwanta.

Maman Ilham:

Allah Ya saka muku da alheri. Dakta, a tsaye yake yi, jela na rawa. Ƙarin tambaya: akwai ƙuma a jikinsu, an ce in fesa Sniper a ɗakin ko in sa musu maganin karnuka. Kuma ba a taɓa yi musu allura ba, ga yara na wasa da su.

Likitan Dabbobi:

Baban Khalifa, biyu sun yi in ana kwashewa yadda ka ce. Hajiya, duka biyun a'a. Sniper guba ne ga mage da yara, ba a yi shi don ɗakin kwana ba. Maganin ƙumar karnuka da yawa na ɗauke da sinadarin fametirin (permethrin), wanda ke sa mage karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Ki nemi na maguna mai sinadarin fifronil (fipronil), ana buɗa gashi a ɗiga a fatar ƙeya inda harshe ba ya kaiwa, duk wata, su biyun rana ɗaya, a raba su sai ya bushe don kada su lashi juna. Yawancin ƙumar ƙwai ne da tsutsa a shimfiɗa da lungu, don haka a wanke zannuwansu da ruwan zafi duk mako, a share ƙarƙashin gado da kujeru. Ƙuma na ɗauke da tsutsar ciki mai faɗi, sai a haɗa da maganin tsutsa gwargwadon nauyinsu, a maimaita duk wata uku.

Allurar haukan kare ana yin ta daga wata uku, su kuwa sun wuce, a yi musu ranar da za a kai su dubawa. Kafin nan, duk yaron da aka ciza ko aka yakusa har fata ta fashe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a wuce asibiti a faɗa musu magen ba ta da allura. In an sa ranar aiki ki tambayi awa nawa za a hana su abinci, ki kai kowanne a kwando mai murfi daban. Muzurun kwana biyu zuwa uku ya warware, macen kuma, in an yi mata nata aikin, a hana ta tsalle da lasar ɗinkin har kwana 10 zuwa 14.